Sanyin Da Ke Shigowa Ta Ƙarƙashi: Shawara Ga Mai Kwana A Waje Da Hunturu

Mai karatu, idan ka taɓa kwana a kan benci a barandar asibiti cikin watan Janairu, ko a kan gadon kara a bakin fadama, to ka san wannan labari. Da farkon dare komai lafiya lau. Ka ja bargo har ka, barci ya kwashe ka. Can wajen ƙarfe uku sai ka farka, ƙirjinka da ɗumi, amma gadon bayanka da kwankwasonka da kafaɗarka kamar an manna musu ƙanƙara. Ka juya, ɓangaren da ya koma ƙasa shi ma ya ɗauka. Haka za ka yi ta juyi kamar waina a tanda har a kira assalatu. Da gari ya waye abin da za ka ce shi ne, bargon nan ba shi da kauri. Ni kuwa ina ganin an ɗora wa bargo laifin da ba nasa ba.

Na koyi haka ne a wani hunturu da na yi jinyar kawuna a wani asibiti. Wurin kwanana dogon benci ne na ƙarfe mai ramuka, kuma na zo da bargo mai nauyi wanda nake ji da shi. Kusa da ni akwai wata dattijuwa da ke jinyar jikanta, ba ta da komai sai zannuwa biyu da kwalayen da ta roƙo a shagon bakin ƙofa. A daren farko na ji tausayinta. A dare na uku ita ce ta ji nawa, ta miƙo mini kwali biyu ta ce, "Ɗan nan, shimfiɗa wannan, ta ƙasa yake cin ka." Daren nan na yi barcin da ban yi ba tun zuwana.

Masu kwana a waje a ƙasar Bagudo suna da yawa, kuma kusan dukansu larura ce ta fitar da su. Akwai masunta da ke kwana cikin kwalekwale ko a kan yashin bakin Kwara. Akwai manoman rani da ke gadin injin ban-ruwa da shinkafa a fadama, da makiyaya, da fatake masu bin kasuwannin Illo da Kaoje da Lolo. Akwai kuma direbobi da yaran mota a hanyar Tsamiya zuwa Segbana ta Jamhuriyar Benin, waɗanda jiran takarda kan zaunar da su kwana da kwanaki. Wanda ya ga yadda motoci suka yi cirko-cirko lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, ko yadda tireloli suka jeru a Malanville bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023, ya san cewa direban da ya fito da shirin kwana biyu zai iya cinye hunturu guda a ƙarƙashin motarsa. Wasu daga cikin yaran motar nan sukan ɗaura tamfol ko wani ƙyalle mai ƙarfi a tsakanin ƙarafunan tirela, su yi gadon lilo, su kwanta suna reto a sama. Wannan gado shi ne ya fi kowane nuna abin da nake son mu fahimta a yau.

Gadon lilo tsohuwar dabara ce. Turawa sun same shi a hannun mutanen tsibiran Karebiyan tun zuwan Kolumbus a 1492, daga nan matuƙan jiragen ruwa suka ɗauke shi. An ƙirƙire shi ne a ƙasar zafi, domin iska ta riƙa ratsa mai kwanciya ta ko'ina. Abin da ya sa ya yi daɗi da bazara shi ne ya sa ya zama azaba da ɗari. Masu yawon daji a Turai da Amurka da suke kwana a cikinsa sun gane haka, har akwai wani bargo na musamman da suke saya su rataya a ƙarƙashin gadon ta waje. Mu ba mu da shi a kasuwa, kuma ba ma bukatarsa, matuƙar mun gane aikin da yake yi.

Bargo ba ya samar da zafi. Jikinka ne murhun, yana riƙe da zafinsa a wajen digiri 37 dare da rana, daga abincin da ka ci. Aikin bargo shi ne ya tsare iska a tsakanin zarensa, iskar ta ɗumama, ta zauna wuri ɗaya. Dubi kaza da sassafe cikin hunturu, yadda take buɗe gashinta ta kumbura. Iska take tarawa. To idan ka kwanta a kan bargo, nauyinka ya matse shi, iskar da ke ciki ta fice, abin da ya rage ƙyalle ne kawai. Shi ya sa wanda ya naɗe jikinsa da bargo ɗaya, rabi a sama rabi a ƙasa, rabin sama kaɗai ke yi masa aiki. Idan kuma a kan gadon lilo yake, ko gadon kara, ko bencin ƙarfe, to iskar dare tana wucewa ta ƙarƙashinsa ba tsayawa, duk ɗumin da bayansa ya fitar tana kwashewa ta yi gaba, sabuwa mai sanyi ta maye gurbinta. Direbobin da suka san salka sun san wannan sarai. Ana rataya ta a jikin mota ne domin iska ta kewaye ta ruwan ya yi sanyi. Mutumin da ya rataye kansa a ƙarƙashin tirela da rigar da ya yi gumi a ciki ya mayar da kansa salka.

Wani zai ce ai sanyinmu bai kai ya kawo ba, ba ƙanƙara ke sauka a Kebbi ba. Gaskiya ne. A watannin Disamba da Janairu, da rana zafi kan haura digiri 30, da asuba kuwa ya sauko zuwa wajen 15, wani lokaci ƙasa da haka, musamman a kwari da bakin ruwa inda iska mai sanyi ke taruwa. Lafiyayyen matashi da ya ci ya ƙoshi ba zai mutu da wannan ba, iyaka ya rasa barci. Amma rashin barcin ma ba ƙaramin abu ba ne ga wanda zai ja mota mai ɗauke da tan talatin da safe, ko mai jinyar da za ta tuna lokutan magani. Sannan a ƙara abu biyu, jiƙa da iska, lissafin ya sauya gaba ɗaya. Ruwa yana janye zafin jiki fiye da busasshiyar iska har kusan sau 25. Masuncin da ya shiga ruwa da magariba ya kwanta da wandonsa a jiƙe, jaura tana kaɗawa, yana cikin hatsarin da ma'aunin zafin gari bai nuna ba.

Me zai hana a sauko ƙasa a huta? Wannan tambaya ce mai ma'ana, kuma ba zan raina waɗanda suka ƙi saukowa ba. A fadama ƙasa tana da laima, akwai kunama, akwai kububuwa. A tashar mota akwai baƙin mai da ƙazanta da ɓeraye. Sumunti da yashi mai sanyi su ma suna shan ɗumin jiki kai tsaye, har sun fi iska saurin sha idan babu shimfiɗa. Tabarmar roba kuwa, wadda ita ce a hannun kowa yanzu, tana kare tufafi daga datti ne kawai, siririya ce ƙwarai, ba ta tsare wani ɗumi. Saboda haka ko sama ka zaɓa ko ƙasa, magana ɗaya ce: sai ka sa wani abu a ƙarƙashinka wanda nauyinka ba zai iya korar iskar cikinsa ba.

A nan ne kwali ya fi bargon dubbai. Irin kwalin da ake zuba taliya ko sabulu yana da ƙananan ramuka a tsakanin ɓawonsa biyu, iska na zaune a ciki, kuma ba ya lotsewa gaba ɗaya. Biyu ko uku a jere, daga kafaɗa zuwa cinya, sun isa ka ji bambanci. Guntun soson katifa ya fi shi, idan ya samu. Buzu ma haka, wanda kakanninmu matafiya ba sa rabuwa da shi. A gona kuwa buhu biyu da aka cika da busasshen haki ko tattakar shinkafa sun zama katifa, sai dai a karkaɗe hakin da rana tsaka kafin a zuba, domin abin da kake gudu a ƙasa shi ma ɗumi yake nema. Kada ka damu da ƙafafu wajen shimfiɗa idan kwalin bai kai ba, jaka ko ragowar tufafi sun ishe su. Gangar jiki ce take da muhimmanci.

Ga mai gadon lilo akwai ƙarin dabara. Shimfiɗar da ka sa a ciki ta zama mai faɗi, saboda ƙyallen yana naɗo kafaɗu da gefen cinya ya matse su, nan ne sanyi ke fara kamawa. Ka kwanta a ɗan karkace, kai a gefe ɗaya ƙafa a ɗaya gefen, sai gadon ya baje, kwalin ya zauna bai zame ba. Idan kana da zane ko buhu na biyu, ka ɗaura shi ta ƙarƙashin gadon daga waje, ya ɗan yi sako-sako, tazarar kamar faɗin tafin hannu, ka cusa tufafin da ba ka sa ba ko busasshen haki a tsakani. Da yake ba a kansu ka kwanta ba, ba za su matse ba. Wannan shi ne ainihin abin da Turawan can ke saya da tsada. Ka lura kada bakin zanen ya buɗe a wajen kai da ƙafa, in ba haka ba iska za ta mayar da shi hanya. Sannan ka sassauto da gadon kusa da ƙasa, ka tare ɓangaren arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke fitowa, da zana ko tamfol ko buhunan kaya, har su taɓa ƙasa. Rufi a sama ma yana da amfani ko babu raɓa, domin a daren da sama ta washe jiki yana sakin ɗuminsa kai tsaye zuwa sarari. Leda tana tare iska ƙwarai, amma wurinta waje ne, can bayan shimfiɗa. Idan ta manne da jiki gumi zai taru, ka wayi gari a jiƙe. Kuma wanda zai kwana a ƙarƙashin mota, direba ya san yana nan, a sa wa tayoyi waigi, inji ya kasance a kashe.

Sauran abubuwan sanannu ne, ba sai na tsawaita ba. Rigar da ka yini da ita ka cire, ka sa busasshiya, ko da tsohuwa ce. Riguna biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Hula da safa. Ka ci abinci mai ɗumi kafin ka kwanta, tuwo ko kunu ko shayi, domin murhun da ba a sa wa itace ba ba ya kai asuba. Kada ka cusa hanci cikin bargo, tururin numfashi yana jiƙa shi. Gidan sauro kuma kada a naɗe shi don an shiga sanyi. A bakin Kwara da fadamun da ake ban-ruwa sauro ba ya ƙarewa, kuma binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya nuna Kebbi ce kan gaba a Nijeriya, inda aka sami ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran da aka gwada.

Yanzu bari mu zo kan wuta, wadda ita ce ta sa na ɗauki wannan batu da zafi. Mutumin da sanyi ya hana barci ba ya tunanin kwali, garwashi yake tunani. Ya jawo kurfoti ko kasko cikin rumfar da ya toshe da tamfol ta ko'ina, ko cikin ɗakin da aka liƙe tagoginsa da tsumma, ko ya shiga kan mota ya rufe gilashi ya bar inji yana aiki. Gawayin da ke ci a wurin da iska ba ta shiga yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. Tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sama da sau 200. Mai barci ba ya jin komai, barcin ne kawai ke ƙara nauyi. Garwashin da ya daina hayaƙi ya yi jajir, wanda mutane ke ɗauka ya zama lafiya, yana ci gaba da fitar da ita. Janareta a zaure ko a bakin taga ma haka. Idan mutum biyu ko uku da suka kwana wuri ɗaya suka tashi da ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala a lokaci guda, kada a tsaya zargin tuwon jiya ko iskokai. A fitar da kowa sarari nan take, a nufi asibiti, a gaya wa ma'aikata cewa da gawayi aka kwana. Ji ɗumin wutarka a fili kafin ka kwanta, ka kashe ta, sannan ka shiga shimfiɗa. Tunda kuma na ba ka shawarar haki da kwali da soso, wajibi ne in ce dukansu abincin wuta ne. Taba da kyandir da maganin sauro na kunnawa su yi nisa da su.

Giya da ƙwayoyi irin su tiramadol da maganin tari mai sa maye, waɗanda wasu matasa ke cewa suna kore sanyi, jin sanyin kawai suke korewa. Giya tana buɗe hanyoyin jini na fata, mutum ya ji ɗumi alhali zafin cikinsa ne ke tsiyayewa, kuma duk abin da ke sa barci mai nauyi yana hana shi farkawa ya gyara kwanciya.

Akwai waɗanda bai kamata a gwada juriyarsu ba ko na dare ɗaya. Mai amosanin jini, wato sikila, sanyi yana tsuke masa ƙananan hanyoyin jini ya tayar da ciwon ƙashi, ga shi da hunturu mutane ba sa jin ƙishirwa, ba sa shan ruwa, jinin ya ƙara kauri. Idan tafiya ta kama shi, shimfiɗa mafi kyau tasa ce, da ruwan ɗumi a kusa. Tsoho jikinsa ba ya saurin gane ya yi sanyi, kuma ba ya iya rawar ɗari da ƙarfi kamar yaro. Yaron da tamowa ta kama ba shi da kitsen da zai tsare ɗumi, kuma sanyin jiki da faɗuwar sukarin jini sukan zo masa tare, don haka a ciyar da shi har cikin dare. Mai ciwon suga da ƙafafunsa suka daina ji kada ya miƙa su ga wuta, kada kuma a sa masa gorar ruwan zafi a ƙafa. Na ga ƙunar da mai ita bai san ta faru ba sai da safe, kuma irin wannan gyambo yana daɗewa bai warke ba.

Jariri kuwa, uwa, ke ce bargonsa. Zafin jikinsa ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5, kuma yana zubar da shi da sauri saboda ƙanƙantarsa da girman kansa. Idan dare ya same ku a hanya ko a baranda, ki sa shi a ƙirjinki fata da fata, da hula a kansa, ki rufa ku biyu, fuskarsa a buɗe. Wannan dabara da likitoci suka fara a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a ƙarshen shekarun 1970 domin bakwaini, yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana koyar da ita a ko'ina. Ki taɓa cikinsa da tafin ƙafarsa da bayan hannunki. Idan duka da ɗumi, lafiya. Idan ƙafa ta yi sanyi ciki da ɗumi, ya fara jin jiki, a ƙara rufi a ba shi nono. Idan duka biyun sun yi sanyi, ko ya ƙi kama nono, a nemi ma'aikacin lafiya ba tare da jiran safiya ba. Kada a kwantar da jariri shi kaɗai a gadon lilo ko cikin tulin tsummoki.

Ga babba, idan zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35 an shiga hatsari. Alamar farko makyarkyata ce mai ƙarfi. Daga nan harshe ya yi nauyi, hannu ya kasa ɗaura igiya ko ɓalle maɓalli, mutum ya rikice, ya yi ta gyangyaɗi. Wanda yake karkarwa sannan ya daina alhali ba a ɗumama shi ba, kuma hankalinsa bai dawo daidai ba, jikinsa ne ya gaza, kada a ce ya samu sauƙi. A cire masa jiƙaƙƙun kaya a hankali, a raba shi da ƙasa da iska, a rufe ƙirji da wuya da kai tukuna, wani ya rungume shi cikin bargo. Idan yana iya haɗiya da kansa a ba shi shayi mai sukari, idan ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa komai. Ba a murza masa hannu da ƙafa, ba a tsoma shi cikin ruwan zafi, ba a kara shi da wuta. A ɗauke shi a kwance zuwa asibiti.

Ina da ƙorafi ɗaya da ba na mai karatu ba ne shi kaɗai. A asibitocinmu mai jinya shi ne mai ɗebo ruwa, mai sayo magani, mai wanki, mai juya maras lafiya, amma ba a lissafa shi cikin masu kwana. Kwamitocin unguwa da ƙungiyoyin agaji da ke rabon barguna duk hunturu suna aikin lada, sai dai da za su raba kuɗin biyu, rabi bargo, rabi soso mai rufin leda da za a iya gogewa, da zana ko labulen tamfol a ɓangaren baranda da iska ke bugawa, da amfanin ya ninka. Ƙungiyoyin direbobi a tashoshin kan iyaka su ma suna karɓar kuɗin shiga kullum. Rumfa ɗaya mai katanga uku da gadajen katako ba ta fi ƙarfinsu ba.

Kafin a yi wannan, idan an kira ka jinya ko lodi ya kama ka cikin watannin nan, ka tsaya a shagon unguwa ka karɓi kwali uku, ka buɗe su ka naɗe da igiya tare da tabarmarka. Ni har yau akwai biyu a bayan kujerar motata, kuma a hunturun bara na ba da su sau huɗu ina sake nemowa.